Jiran Fim ɗin Trondheim

Mosjøen, Talata, 14 ga Janairu

Gunvor 'yar'uwata,

Yau na tashi da ɗan dama. Tarin ya sassauta, gwiwa tana nan yadda kika san ta, amma na sauka har akwatin wasiƙu na dawo ban zauna a matakala ba. Ina fatan ƙugunki yana barin ki barci, kuma 'yarki Solveig da mijinta suna lafiya. Katin Kirsimeti ya iso, na gode. Da na buga miki waya, to amma kin san yadda muke ƙarewa, ni ina ihu ke kina tambayar wa ke magana. Takarda ta fi mana mutunci.

Idon ne ba daɗi. Likita ta ce ganin tsakiyar na hagu ya tafi ba zai dawo ba, na dama kuma ya kama hanya. Allura suke yi mini a cikinsa duk wata don a rage masa sauri. Na tambaye ta saura yaushe, ta ce ita ba ta yin duba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Steinar, abokin nan nawa na Bodø da muke musayar kaset tun muna da gashi, ya bugo jiya. An samo fim ɗin Trondheim. Wasan ƙungiyar mawaƙan nan Rustfugl na hunturun 1973, wanda kowa ya ce an goge shi tuntuni, yana nan cikin gwangwanaye a ɗakin ƙasa na matar marigayin da ya ɗauka. Kyamara huɗu, Gunvor, daga waƙar farko har ta ƙarshe. Mutum biyun da suka rage a raye cikin makaɗan sun ce za a wanke shi, a gyara launi da sauti, a fitar da shi a faifai a watan Oktoba.

Ba sai na tuna miki ba. Ke da takalmin nan mai tsini, aka shiga waƙa ta biyu, mutane suka turo gaba, sai kawai na ga kin sulale. Na ɗauko ki a kafaɗa na fitar, mai gadin ƙofa ya ce wanda ya fita ya fita. Muka zauna a matakala cikin dusar ƙanƙara, kanki a cinyata, ina jin ganga ta bango kamar ana daka a gidan maƙwabta. Bayan shekara ɗaya ƙungiyar ta watse. Waƙa ɗaya da rabi na taɓa ganinsu da idona.

Yanzu zan ga sauran. Oktoba ba nisa. Na gaya wa idon dama ya yi mini haƙuri zuwa lokacin.

Naki,
Torleif

Stavanger, 9 ga Fabrairu

Tsohon banza,

Ina nan da rai. Ƙugu yana ta ciwo, asibiti sun sa ni a layin aikin tiyata, ba su faɗi rana ba. Kunne kuwa ai ka sani, na'urar da suka liƙa mini tana ƙara mini ƙarar firji ne kawai. Takalmin ba mai tsini ba ne, na Mama ne na ara, kuma ba a ci abinci a motarka ba tun daga Mosjøen saboda ka ce za mu makara.

Na nuna wa Eivind mijin Solveig wasiƙarka, ya ɓace cikin kwamfuta wuni guda, ya dawo yana murmushi. Ashe wani daga cikin masu aikin gyaran ya saki kwafi tun kafin a fara wankewa, yana yawo a hannun masu tara irin waɗannan abubuwa. Eivind ya zuba maka shi a faifai, ga shi nan cikin ambulan. Gaskiya ba shi da kyau. Kyamara ɗaya ce, launin ya koma kore-kore, wasu lambobi suna ta gudu a ƙasan hoton, Eivind ya ce sautin ma yana lilo. Amma wasan ne, cikakke, ana ganin fuskoki. Na kalla, ban ji komai ba, amma na ga abin da na hana mu gani. Ba zan ba ka labari ba.

Ka saka shi yau. Kada ka ce sai an jima, na san ka. Mutumin da ya ajiye kwalbar da aka ba shi ranar ritaya har ta zama ruwan tsami ba a barin sa da "sai an jima".

Ka riƙa cin abinci mai zafi ko sau ɗaya a rana. Burodi da cukwi ba abinci ba ne.

Gunvor

Mosjøen, Lahadi, 2 ga Maris

Gunvor,

Makon nan sanyi ya shiga ƙirjina, na kwanta, yanzu na miƙe. Reidun, ma'aikaciyar jinyar da ke leƙo ni da safe, ta ce na rame. An yi allurar wannan wata. Ki gaida Eivind, ki ce masa na gode da wahalar da ya sha.

Faifan ya iso lafiya, yana kan kanta kusa da rediyo. Ba zan saka shi ba, kuma ina so ki fahimce ni.

Rayuwata duka a kan kwafin kwafi na yi ta. Kaset da aka ɗauka daga kaset da aka ɗauka daga wani da ya ɓoye rakoda a cikin riga. Bidiyon minti uku da aka juya har mai jita ya zama inuwa. Mun gode wa Allah a kan waɗannan don babu wani. Amma wannan daban ne. Ganin farko sau ɗaya ake yin sa. In na kalli wannan koren abu yau, shi zai zauna a kaina, ranar da na gaske ya zo kuwa sai dai in riƙa kwatantawa. Ban da haka, a dandalin masoyan ƙungiyar na intanet an yi magana, Steinar ya karanta mini. Ana tsoron in kwafin satar ya bazu makaɗan za su yi fushi su fasa. Da yawa daga cikinmu tsofaffi mun ɗau alkawari ba za mu taɓa shi ba. Steinar ne ma ya fara sa sunansa. Ya ce, "Wanda ya jira shekara hamsin, wata bakwai ba zai kashe shi ba."

Reidun ta ga faifan ta tambaya, na yi mata bayani, ta dube ni kamar na ce zan auri 'yar sarki. Ta ce ita dai in an ba ta kek ba ta jiran a kawo faranti mai kyau. Yarinya ce, shekararta hamsin da 'yan kai, ba ta san komai ba.

An hana ni ganin wasan nan sau ɗaya. Ba zan yarda in gan shi rabi-rabi a karo na biyu ba.

Naki,
Torleif

Mosjøen, Alhamis, 12 ga Yuni

Gunvor,

Jiki ba laifi, sai jiri in na tashi da sauri. Rana ba ta faɗuwa yanzu, kin san yadda muke a nan arewa a watan Yuni, hasken yana damun idon, na rufe labule duka ina zaune kamar ɓera.

Shiru ya yi yawa. Na zaci an yi aikin ƙugun ne, na sa Reidun ta buga wa Solveig, ta ce a'a, kina gida lafiya, kina shuka a baranda. To me na yi?

Labari ba daɗi. An ɗaga fitar da fim ɗin zuwa baɗi. Sun ce gwangwani biyu da aka buɗe suna warin tsami, fim ɗin ya fara cin kansa, sai an kai shi wani wuri a Jamus. Wasu kuma sun ce 'ya'yan marigayi mai ganga ne suka sa lauya. Kowa da abin da yake faɗa. Steinar ya ce jinkirin alama ce ta aiki mai kyau, na ce masa haka ne.

Layukan da ke jikin ƙofar kicin sun fara lanƙwashewa in na dube su da na dama. Ban gaya wa likita ba tukuna.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Torleif

Stavanger, 29 ga Yuni

Torleif,

Ka tambaya me ka yi. "An hana ni ganin wasan nan." Wa ya hana ka? Ka rubuta sunana mana, ka huta. A bikin Solveig ka ba da labarin nan, a jana'izar Mama ka ba da shi, ranar da na cika sittin ka tashi da kofi a hannu ka ba da shi har da kwaikwayon yadda na faɗi. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Shekarata goma sha tara a lokacin, ban ci komai ba, ban roƙe ka ka ɗauke ni ba. Sau ɗaya a rayuwata na samu hanyar mayar maka da abin, na sa a ambulan da hannuna, ka ɗora shi kusa da rediyo ka ce bai kai matsayinka ba.

Na huce yanzu, shi ya sa na rubuto. Amma ka saurare ni. Ƙofar kicin ba ta lanƙwashe ba, kai ma ka sani. Ka je wurin likita gobe, in ka dawo ka saka faifan. Alkawarin da kuka ɗauka a dandali, su waɗanda suka ɗauka tare da kai idonsu biyu. Makaɗan nan kuwa ba su san kana duniya ba.

Gunvor

Mosjøen, Litinin, 21 ga Yuli

Gunvor 'yar'uwata,

Na je wurin likita. Ta yi faɗa, ta matso da ranakun allurar kusa-kusa. Barci ba ya samuwa sosai, abinci kuwa ina ƙoƙari.

Wallahi mai gadin ƙofa nake nufi. Fuskarsa nake gani lokacin da na rubuta layin, da gashin bakinsa da hular nan. Ban taɓa ganin laifinki ba. Labarin kuwa, ina ba da shi ne don shi ne kaɗai labarin da nake da shi wanda mutane ke saurara har ƙarshe. Ban san yana yi miki ciwo ba. Na daina.

Maganar faifai, ki ƙara mini haƙuri kaɗan. An ce a watan Satumba za su saki waƙa ɗaya da aka gama gyarawa don mutane su ɗanɗana. In na ga wannan, na ga yadda abin yake da gaske, to sai in yanke shawara. Satumba ai gobe ne.

Naki,
Torleif

Mosjøen, Laraba, 15 ga Oktoba

Gunvor,

Ki yi haƙuri da rubutun, da alƙalamin nan mai kauri nake yi, ban ganin inda layi ya ƙare. Jiki ya yi sanyi. Na faɗi a banɗaki makon jiya, ba abin da ya karye.

Steinar ya rasu a ƙarshen Agusta. Zuciya. Ban iya zuwa jana'iza ba. Matarsa Oddny ta bugo daga baya muka daɗe muna magana, a ciki take ce mini abin da ya fi sanyaya mata rai shi ne ya samu ya ga wasan nan nasa kafin ya tafi. Na ce wane wasa. Ta ce koren nan mana mai lambobi, ai tun Fabrairu kusan kullum sai ya saka shi bayan karin kumallo, har ta haddace inda mawaƙin yake jefar da rigarsa. Ta ce, "Kai ma ai ka gani, ko? Cewa ya yi ku duka kun gani, ba ku dai faɗa ne."

Na ce mata e, na gani.

Waƙar Satumba ba ta fito ba. Ranar da na gama magana da Oddny na sa Reidun ta saka mini faifan kafin ta tafi, na jawo kujera har gwiwata tana taɓa teburin talabijin.

Gunvor, na makara. Duk inda na kai idona, wurin ne yake ɓacewa. In na dubi mawaƙin sai wani toka-toka ya zauna a kansa, in na koma kan mai jita ya bi ni can. Abin da nake samu sai gefe: fitilun rufi, wani hannu a ƙasa, lambobin nan suna motsi. Na gwada duban kusurwar akwatin don in saci tsakiyar ta wutsiyar ido, yadda suka koya mini a asibiti. Na ga wani abu dogo yana kai da kawo. Wataƙila mutum ne, wataƙila sandar makirufo. A watan Maris ina karanta jarida da gilashi. A watan Maris da na ga fuskarsa. Na kashe tun ba a yi nisa ba.

Jiya kuma Reidun ta karanta mini sanarwa a wayarta. Sun fasa fim ɗin. Sauti kawai za su fitar. Sun ce abin da aka iya cetowa na hoton bai kai yadda suke so a tuna da su ba, gara kada a gani sam da a gani da aibi. Reidun ta gama karantawa ta ce, "Ashe danginka ne." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, ta kawo ruwa.

Ina da roƙo, kuma na san ba ƙarami ba ne ga mai ciwon ƙugu. Ki zo. Ke kina gani ba kya ji, ni ina ji ba na gani. Ki zauna kusa da ni ki riƙa faɗa mini abin da ke faruwa, wa ya tsaya ina, me ya sa, yaya fuskarsa, ni kuma in riƙa rubuta miki sunan waƙar a takarda da manyan baƙaƙe. Reidun ta ce za ta iya yi mini, amma ita ba ta san su ba, cewa za ta yi wani mai gashi yana tsalle. Ke kin san zauren. Kin san warin rigunan ulu da suka jiƙe. Gefen idon ma likita ba ta yi mini alkawarin zai daɗe yadda yake ba, ina so a yi tun ina iya ganin ko fitilun ne.

Torleif

Stavanger, 3 ga Nuwamba

Torleif, wawan tsoho,

Na yi kuka, na kuma zage ka, Solveig shaida ce. Allah ya ji ƙan Steinar, munafuki.

Na rubuta da manyan baƙaƙe don ka karanta da kanka. Zan zo ranar Asabar, 29 ga wata, jirgin sama zuwa Trondheim, daga nan jirgin ƙasa mai isowa da yamma. Sai dai in asibiti sun kira ni kafin nan, don sun ce yanzu ni ce a gaba, kowace rana za su iya bugowa, kuma in na ƙi zuwa sai baɗi. In haka ta faru Solveig za ta nemi lambar Reidun ta sanar da ku.

Na sake kallonsa don in shirya. Mai ganga yana da ƙaramin tawul ja a wuya. Sauran sai na zo.

Kada ka yi wani girki. Ka dai share gidan.

Gunvor

Mosjøen, Lahadi, 30 ga Nuwamba

Gunvor,

Yau ban tashi da ƙarfi ba. Ƙirji ya yi nauyi, ƙafafu sun kumbura, ina jin na tsaya da yawa jiya.

Wasiƙarki ni na karanta ta da kaina, ban ba kowa ba. Ta ɗauke ni safiya guda, kalma a nan kalma a can, wasu layukan sun ɓace mini gaba ɗaya, amma na samu abin da nake nema: Asabar, 29, jirgin yamma. Har jan tawul na gani. Reidun ta tafi hutu wurin 'yarta a Tromsø tun tsakiyar wata, wani saurayi ne yake zuwa a madadinta, ba ya cire takalmi, ba ya magana, ban nuna masa ba.

Na share gidan yadda kika ce, ko da yake ban san me na share me na bari ba. Na saɓa miki a kan girki. Na sa maƙwabciyata ta sayo kifi da dankali, na dafa tun da rana. Na jawo kujerar nan mai hannu daga ɗakin kwana da kaina, taku-taku, na ajiye ta dama da tawa, don kunnenki na hagu ne mai ɗan saura. Na yanka takardu na rubuta sunayen waƙoƙin ɗaya-ɗaya, na jera su yadda za su zo, don kada in ɓata mana lokaci. Faifan yana ciki, maɓalli ɗaya kawai za a danna, na liƙa masa filasta don in gane shi da yatsa.

Duhu ya shiga tun ƙarfe uku. Na ji jirgin ƙasan ya shigo, daga tagar kicin ana jin sa in iska ta juyo. Na sa riga mai kyau na tsaya a bakin ƙofa. Mota ta tsaya a ƙasa, na ji an rufe ƙofarta, aka hau matakala a hankali, da sanda, har na buɗe baki zan ce miki kin tsufa. Mutumin hawa na uku ne.

Na ce wataƙila jirgin sama ya makara kin biyo na baya. Na mayar da kifin cikin tanda. Wayar ba ta yi ƙara ba, na ɗaga ta sau da yawa don in ji ko tana aiki.

Ban sani ba ko na karanta ranar ba daidai ba ne, ko kuwa har yanzu akwai sauran fushi. In fushi ne, kina da gaskiya. In kuma wata Asabar kike nufi, ki sa Solveig ta bugo ta faɗa mini da baki, don ina jin wannan ce wasiƙa ta ƙarshe da zan iya rubutawa da hannuna, kuma taki ta gaba sai Reidun ta dawo. Yau da safe na dubi taga ban iya raba ta da bango ba sai da na taɓa.

Ban danna maɓallin ba. Kujerar tana nan inda na sa ta, ba ni da ƙarfin mayar da ita. Jirgin yau ma ya shigo ɗazu, na saurara har matakala ta yi shiru. Ba ki zo ba.

Torleif